Gyaɗar Da Na Shuka A Burtali

A zamanin Nasara ni saurayi ne a wani ƙauye gabas da Dungas, manomi mai yawan mafarki ido biyu. Gefen gonarmu akwai burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rijiya, kuma ta nan wata 'yar makiyaya take koro garken babanta kullum da la'asar. Doguwa ce mai wushirya, in ta yi murmushi sai in manta da hauyar da ke hannuna. Takan tsokane ni ta ce ko gerona ya fi ni iya zance.

Wata shekara kwamandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya aiko ta bakin sarki cewa an bar yankinmu a baya, Magariya ta yi mana nisa da arzikin gyaɗa, don haka za a ba mu iri, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zo ɗaukar amfanin har ƙofa, mu ma mu kamo su. Na taɓa zuwa Magariya na ga rufin kwano yana ƙyalli kamar tafki, tun daga nan nake hango 'yar makiyayan a ƙarƙashinsa sanye da atamfar Kano. Gonarmu ta yi kaɗan, sai na zuga samari muka shuke burtalin. Babana ya ce tun kakanni ba a kai hauya wurin nan, na ce masa zamani ya juya. Ita ma ta tsaya bakin shukar, da dariyar da ba ta kai zuci ba, ta tambaye ni ko fiffike zan yi wa shanunta. Na ce ta yi haƙuri, damina ɗaya ce kawai.

Gyaɗa ta yi kyau. Amma kafin a cire ta, babanta ya gaji da ƙarar ɓarna da ake kai shi, ya kwashe iyalinsa da garkensa suka tsallaka iyaka. Da na je mazauninsu, turaku da toka na tarar. Na yi ta cigiya a kasuwanni har Sassumbrum, daga baya wata mai tallar nono ta shaida mini yarinyar ta yi aure can ƙetaren iyaka. Da shanu suka tafi taki ya tafi, gonakinmu suka gaji.

Ban ce niyyar ɗaga yankinmu mugunta ce ba. Masu tsarin ba su san ta inda shanu ke bi ba, ni kuwa na sani. 'Yan'uwa, in an zo muku da alƙawarin kamo wani gari, ku fara duba wa za ku toshe wa hanya. Ni garin neman abin da zan ba ta na kore ta, kuma har na tsufa ban ƙara ganinta ba.