Kujerar Inna Ranar Yaye Habibu

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da muka yaye Habibu ba. Wata Alhamis ce cikin damina, ana gab da in ajiye aiki. Lokacin ina mataimakin sufritanda, ni ke riƙe da sashen karatu a gidan gyaran hali a nan Kaduna. Sashe ne a baki kawai: ɗaki ɗaya ne mai 'yan kwamfutoci, da fanka mai ƙara, sai ni. Abokan aiki suna kirana Shugaban Jami'a, in na wuce su sara mini suna dariya. Ko a majalisarmu ta Rigachikun, in an zauna bayan la'asar sai wani ya ce, "Malam Isa, wai har yanzu kana koya wa ɓarayi sata da biro?" Tun ina bayani har na gaji na daina.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, bari in faɗa muku yadda abin yake. Ɗaurarren da ke son karatun jami'a sai ya fara cin jarrabawar kammala sakandare, sannan mu yi masa rajista da jami'ar karatu daga nesa. Littafin da ɗalibin waje ke karantawa shi yake karantawa, tambayoyin da aka yi wa na waje su ake yi masa, mai duba jarrabawar kuma bai san ko wane ne ba. Amma je ka faɗa wa mutanen gari. Su a wurinsu, duk digirin da ya fito daga bayan katanga sadaka ce aka bayar don tausayi.

Habibu mai gyaran babur ne daga Hayin Banki. Faɗa ya haɗa shi da wani a tashar Kawo, ya kai masa duka da ƙarfen aiki, mutumin bai tashi ba. Aka yanke masa ɗauri mai tsawo. Ranar da ya fara zama gaban kwamfuta, da yatsa ɗaya yake danna ta a hankali, wai kada ya ɓata kayan gwamnati. Da na tambaye shi fannin da yake so, ya ce sasanta rikici. Na ce, "Kai ɗin?" Ya ce, "Oga, ai ni na san inda abin yake kaiwa." A duk shekarun da ya yi yana karatun nan, ban taɓa jin an kira sunansa ranar ziyara ba. In an fara kiran sunaye sai ya shigo ɗakina ya buɗe littafi, mu zauna mu biyu.

Da sakamako ya fito, shugaban gidan, mai muƙamin mataimakin kwanturola, ya ce a yi bikin yayewa a ciki. Jami'a za ta kawo riguna da huluna aro, a mayar mata a ranar. Kowane ɗalibi an ba shi katin gayyata na mutum biyu, a jera musu kujeru a bayansa. Habibu ya juya katinsa ya sake juyawa, sannan ya miƙo mini.

"Oga, Inna kaɗai nake so ta gan ni cikin rigar nan. Rabona da ita tun a kotu. Ko daga nesa ne ta gani, ya ishe ni."

Ran Asabar na hau babur ɗina na nufi Hayin Banki. Ƙaninsa Sani na tarar a shagon ƙofar gida yana auna wa wata mata gero. Ya karanta katin, ya yi wata 'yar dariya wadda har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

"Yallaɓai, digiri? Yaya Habibu? Mutumin da ko firamare da bulala ya gama? Ku dai faɗi gaskiya, an raba muku ne ku ba su. Kuma mu mun sha surutun unguwa, ba za mu je a ɗauke mu hoto a gidan yari ba."

Ya jefa katin cikin aljihu. Na roƙa a yi mini iso wurin tsohuwar. Tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Na faɗa mata rana da lokaci, na ce, "Inna, ɗanki ya yi abin da 'ya'yan manya da yawa suka kasa." Sai ta ce, "Yana dai cin abinci?" Na ce yana ci. Ta ce, "To, Allah ya kyauta." Na yi mata sallama na fito. Da Habibu ya tambaye ni, na ce na isar da saƙo, ban ƙara komai a kai ba.

Ranar biki aka kafa rumfa a filin ƙwallo. Manyan baƙi suka yi jawabai, wasunsu sai mamaki suke ta yi a lasifika wai ashe ɗaurarre yana da ƙwaƙwalwa. Iyalan sauran ɗalibai suka cika kujerunsu, mata na guɗa. Kujeru biyu na bayan Habibu babu kowa. Ina tsaye a gefe ina ganin yadda yake waiwayawa wajen ƙofa duk lokacin da aka buɗe ta. Da aka kira shi, shi ne ya fi kowa maki a cikinsu, ya je ya karɓi takardarsa ya dawo ya zauna. Ni na je na gyara masa hular, don ta karkace kuma babu mai gyara masa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na kasa haɗa ido da shi.

Bayan azahar aka tattara riguna aka zuba a motar jami'a. Na raka motar har babbar ƙofa. A nan wani ƙaramin jami'i mai tsaron ƙofa, wanda ba a daɗe da kawo shi daga kudu ba, ya tsayar da ni. Dokar ƙofa kun san ta: baƙon da ba shi da kati sai ya faɗi cikakken sunan wanda ya zo gani, a duba, sannan a bar shi ya shiga.

Da 'yar Hausarsa ya ce, "Oga, wani mama ya zo tun safe, babu kati. Na ce waye sunan yaronka, ya ce yayan su Sani. Na ce wane Sani, Sani ya yi yawa a nan. Na ce faɗi suna, ya rufe baki da mayafi. Na ce rubuta, bai iya ba. Ya zauna can gindin bishiya har aka yi salla, ya tafi."

Ya nuna mini wata 'yar kular abinci da ta bari, ɗaure cikin ɗankwali. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Habibu ɗan fari ne, tsohuwar kuwa irin matan da ne masu alkunya, ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba, balle a gaban baƙon namiji. Yaron ƙofa bai yi laifi ba, doka ya bi. Na duba titi hagu da dama, ko alamarta babu.

Aka bincika kular kamar yadda aka saba, dambu ne da zogale, ya riga ya huce. Na kai wa Habibu a ɗakin karatu. Ya koma cikin kayan ɗaurarru, yana zaune shi kaɗai, takardarsa a kan cinya. Na faɗa masa yadda aka yi, ina tsoron yadda zai ɗauka. Ya kwance ɗankwalin, ya shinshina shi, ya yi dariya, sai hawaye.

"Ita ce, Oga. Wallahi ita ce. Da ta faɗi sunana, da na san ba ita ba ce."

Ya ci dambun nan tas, ni kuma na juya ina goge kwamfutar da babu ƙura a kanta. Washegari na nemi izinin shugaban gidan, aka sa tambaya ta biyu a ƙofa: duk dattijuwar da ta yi shiru, a tambaye ta unguwarsu da sana'ar ɗanta, a kira jami'in walwala. Inna ta dawo wata ziyarar, ta gan shi, amma rigar ta riga ta koma inda aka aro ta.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Mu da mutanen gari duk muna saurin yanke wa mutum hukunci: na ciki mu ce ba zai iya ba, na waje mu ce bai damu ba. In kuna bakin ƙofa kuka ga tsohuwa ta yi shiru, kada ku ce ba ta san wanda ta zo gani ba. Wataƙila ta fi kowa saninsa.