Injin Mijin Auta

A layin masu gyaran mota babu mai kiransa da sunansa na gaskiya, Standa ake ce masa. Tun yana matashi, in aka kwance inji aka kawo masa, sai ya zura yatsa cikin silinda, ya shafa, ya ce, "Wannan ya wuce standa, sai borin." Sunan ya bi shi har furfura.

Aikinsa guda ne, wato borin. Inji in ya tsufa, ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki sukan cinye. Shi zai ɗora bulok ɗin, wato gangar jikin injin, kan na'urarsa, ya ƙara faɗin ramin kaɗan, ya daidaita shi da sabon fistin mai ɗan ƙarin kauri. Ratar da ake bari tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. In ta yi yawa, mota ta riƙa shan baƙin mai tana hayaƙi. In ta yi kaɗan, da inji ya ɗau zafi sai fistin ya kumbura ya cije. Da wannan aikin ya gina gida, ya aurar da 'ya'yansa.

Sai ido ya fara yi masa gardama. 'Yan layukan da ke jikin ma'auninsa suka riƙa haɗewa. Ya goge ma'aunin da gefen riga, ya fita da shi bakin ƙofa wajen haske, ya sayi tabarau a bakin titi, duk a banza. Bai gaya wa kowa ba. Matarsa ce ta lura, ranar da ya zuba sukari a gefen kofi.

"Malam, idon nan lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Kofin naki ne ƙarami."

A wannan tsakanin mijin Auta, ƙaramar 'yarsa, ya kawo injin bas ɗin da yake haya da ita. Mutum ne mai kawaici, ko ido ba ya haɗawa da surukinsa. Standa ya ce ba wanda zai taɓa injin nan sai shi. Ya auna fistin, ya ƙura wa ma'auni ido har ya kawo ruwa, ya karanta abin da ya ga kamar shi ne. Da ya zo gwadawa, fistin ya shiga da ɗan tauri. Hannunsa ya tsaya. Sai ya ce a ransa sabunta ce, zai saki.

Bas ta tashi da murya mai daɗi. Auta ta bugo waya tana ta godiya.

Daga nan shiru. Mijin Auta yakan zo gaisuwa a ƙafa, in an tambaye shi mota ya ce, "Tana nan, Baba." Auta ta zo gida ta rame, uwar ta tambaya, ta ce zafi ne.

Wata rana Standa ya je ƙarshen layi neman ringin fistin wajen mai sayar da kayan gyara. Zai wuce garejin wani bakanike da suka yi koyo tare, ya yi tuntuɓe da wani bulok a bakin ƙofa. Ya duƙa ya dafa shi, hannunsa ya gane aikinsa. Ya zura yatsa cikin silinda. Bangon ya yi zane-zane, farce na maƙalewa.

"Na wane ne wannan?"

Bakaniken ya sosa ƙeya. "Na mijin Auta ne. Ya roƙe ni kada ka ji. A kan hawa bas ɗin ta cije masa, cike da fasinja. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo."

"Bulok ɗin zai gyaru?"

"Zanen ya yi zurfi. Sai dai wani."

Bai sayi ringin ba. Ya wuce gidan Auta kai tsaye, abin da ba ya yi. Ya tarar da mijin a tsakar gida da jariri a kafaɗa, da rana tsaka, lokacin da direbobi ke kan hanya. Mutumin ya zabura ya durƙusa.

"Me ya sa ba ka dawo min da shi ba?"

"Baba, tsautsayi ne. Wataƙila ni na matsa mata."

"Kai ba ka matsa wa mota. Ni na matse ta."

Auta ta fito daga ɗaki tana share fuska. "Baba, ba injin ne ya dame mu ba. Rannan a kasuwa na tsaya gabanka, ka wuce ni."

Ita ta kai shi asibiti. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe ɗaya, aka cire, ya ɗan washe. Ɗayan kuwa ya ce an makara.

Standa ya yi ta yawon wuraren tsofaffin motoci har ya samo bulok mai kyau, ya kai wa bakaniken nan abokinsa ya yi borin. Ya tsaya a kansa, amma bai taɓa ma'auni ba. Bas ta koma hanya, sai dai layin hayar da mijin Auta ke bi an riga an ba wani, yanzu nesa yake zuwa, Auta na kwana ita da jariri.

Har yau Standa na buɗe shagonsa kowace safiya. Ya share, ya shafa wa na'urar mai, ya zauna a benci. In baƙo ya zo da inji, sai ya nuna masa garejin abokinsa a ƙarshen layi, ya ce, "Ka ce ni na turo ka."