Hannun Ɗan Takara

A unguwarmu a Wudil masallatai biyu ne, tsakaninsu bai kai jifa ba. A namu ana sakin hannu a salla, a na can bakin titi ana ɗora shi a ƙirji. Ba faɗa ake yi ba. Muna cin kasuwar Juma'a tare, muna zuwa jana'izar juna, amma kowa ya san inda yake ajiye takalminsa.

Mahaifina tela ne, ba malami ba, sai dai idan ya ce mutum na kirki ne, unguwa ba ta ƙara tambaya. Wannan shaidar ita ce duk abin da ya mallaka. A shekarar da na fara aiki a jami'a, ɗan wani amininsa daga Darki ya fito takarar kansila, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ka shige mini gaba."

Baba ya kai shi wurin limaminmu. "Malam, namu ne. A hannuna ya tashi."

Mu matasa mun san ɗan takarar yakan yi azahar a wurinmu hannu a sake, la'asar kuma a bakin titi hannu a ƙirji. Dariya abin yake ba mu. Babu wanda ya gaya wa Baba, har da ni, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Ranar wata Laraba ya shigo azahar a gurguje daga yawon kamfe, ya tsaya kusa da Baba, ni ina bayansu. Aka yi kabbara, hannayensa suka hau ƙirji da kansu. Ana tsakiyar Fatiha ya tuna inda yake. Na ga ya sauke su a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Rabin sahu sun gani, duk da kowa zai rantse idonsa na kan tabarma.

Da aka sallame, liman ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, ashe namu ne da nasu."

Da muka isa shago Baba ya zauna kan keken ɗinkinsa, bai taka ba.

Na ce, "Baba, ai duka biyun salla ce."

"Na sani. Da ya bar shi a ƙirjin, da gobe ma na sake kai shi wurin Malam. Saukewar ce. Gefena ya tsaya yana salla, amma ni yake yi wa."