Tafiyar da Na Ɓoye Ta Cinye Mini Shekara Tara

Edita, ina gaishe ku da masu karatu baki ɗaya. Na daɗe ina son in rubuto, kunya ke riƙe mini hannu, domin labarina na mai boko ce da ta tafka wauta. Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da uku, ina zaune a Levenshulme a birnin Manchester. Na yi digiri na biyu, na yi na uku a fannin injiniyan ruwa, ana ce mini Dakta ina sunkuyar da kai kamar ba na so, alhali har cikin raina nake jin daɗinsa. Ni ce wadda sababbin ɗalibai daga gida suke kawo wa takardunsu in duba musu. Wannan ya sa na ɗauka babu wata dokar ƙasar nan da za ta shige mini duhu.

Bayan na gama karatu an ba ni bizar aiki ta waɗanda suka kammala jami'a, ta shekara uku. Ita ba a sabunta ta, in ta ƙare ta ƙare ke nan. Burina kuwa ɗaya ne, takardar zama na dindindin, wadda mutum zai iya nema idan ya cika shekara goma a ƙasar bisa ƙa'ida ba tare da zaman ya yanke ba. Ranar da bizata za ta mutu, ina da shekara tara da wata huɗu. Wata takwas kacal suka rage, kuma ba yadda zan cike su sai na sami kamfanin da zai tsaya mini a ba ni sabuwar bizar ma'aikata. Na rubuta neman aiki har na daina ƙirgawa. Wasu su yaba mini, da an zo maganar biza sai murya ta canza.

Ina cikin wani shago a titin Stockport ina zaɓen attaruhu aka kira ni daga wani kamfani a Birmingham, aka ce sun ɗauke ni, kuma za su tsaya mini. Wallahi ban san lokacin da na ajiye kwandon a tsakiyar shago na fita titi ba. Tafiya nake ina dariya ni kaɗai, ana yayyafi, mayafina ya jiƙe ban ji ba. Na wuce ƙofar gidanmu da gida uku kafin na farga. Cikin mako guda suka aiko da takardar shaidar sun tsaya mini, na cike komai, na tura wa hukuma saura sati uku bizata ta ƙare. Da waya ma na yi, na ɗauki hoton fasfo da na fuskata, fasfona ya koma cikin durowa. Bizar ta mutu ina jiran amsa, amma ban damu ba, don na san doka ta ce wanda ya nema a kan lokaci yana zaune bisa ƙa'ida har a ba shi amsa. Wannan rabin dokar na sani, kuma da shi na yi ta taƙama.

A nan sai na gaya muku irin gidan da na fito. Hajiyarmu ta rene mu a kan cewa ba a faɗin alheri sai ya tabbata, ba a faɗin tafiya sai an sauka, saboda baki da ido. A gidanmu sai ka ga kawunka da haƙorin Makka sannan ka san ya je. Na zo Turai na yi digiri har biyu, amma wannan karatun na Hajiya bai bar jikina ba. Ban gaya wa kowa a Manchester na sami aikin ba, ban kuma ce takarduna suna gaban hukuma ba.

Ana haka Yayana ya kira daga Kano, ya ce ya biya wa Hajiya Umara, shi zai raka ta, kwana goma za su yi. Shekara huɗu rabona da ita. Na duba, ba zan fara aiki ba sai bayan sati biyar. Na jawo durowa, ga fasfo yana kallona. Na ce ai Allah ne ya haɗa mini alheri biyu a wata ɗaya, in je in yi godiya a Ɗakinsa, in kuma rungumi mahaifiyata. Ranar na sayi tikiti. Na hana Yaya gaya wa Hajiya, na ce so nake kawai ta gan ni.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu da muke kira Anti, akanta ce, mijinta likita, sun fi shekara ashirin a nan. Duk Lahadi a gidanta muke cin tuwo. Lahadin ƙarshe kafin in tashi ta ga sai washe baki nake, ta fara tsokanata wai ko an kawo kuɗin gaisuwa ne ba a gaya mata ba. Na ce mata Birmingham zan je na kwana biyu, wata ƙawata a Perry Barr ta haihu. Muna wanke kwanuka ta sassauta murya ta tambaye ni batun takarduna. Na ce, "Ana kai, Anti." Ta dube ni kamar za ta ƙara magana, sai ta fasa, ta ƙulla mini dambun nama in kai wa mai jego. A jirgi na cinye shi.

Ba zan iya kwatanta muku Madina ba. Na hango Hajiya zaune a harabar masallaci tana jan carbi, na lallaɓa ta baya na ce mata sannu da hutawa. Ta amsa ba ta waiwayo ba, sai can muryar ta isa gare ta. Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kiran sunan da take kirana da shi tun ina ƙarama, muna kuka muna dariya, Yaya yana ɗaukarmu a waya shi ma yana share ido. Kwana goman nan ban taɓa yin irinsu ba. Na tura ta a keken marasa ƙarfi a ɗawafi, na shafa mata man zafi a gwiwa, ta yi ta yi mini faɗan na rame. A gaban Ka'aba na raɗa mata labarin aikin, ta ɗaga hannu ta daɗe ba ta sauke ba.

A filin jirgin Jidda aka tsayar da ni. Ma'aikaciyar ta danna na'ura, ta sake dannawa, ta kira babbanta, ya ce ba su ga izinin shigata Birtaniya ba. Na gyara tsayuwa na zuba musu Turanci, ina yi musu bayanin doka kamar ɗalibaina. Ya ce in duba saƙonnina. Da na buɗe, sai ga ɗaya rabin dokar da ban taɓa karantawa ba: wanda ya bar ƙasar alhali takardarsa tana jiran amsa, ana ɗauka ya janye ta. Tun ranar da jirgina ya tashi daga Manchester ba ni da komai. Hajiya na can gefe da jarkar zamzam ɗinta, ta ɗauka rigimar nauyin kaya muke yi. Haka na bi su Kano da jaka ɗaya da dabinon tsarabar da na saya wa Anti.

Daga Kano na kira Anti na faɗa mata komai. Ta ce, "Haba ƙanwata. A kicin ɗina fa na tambaye ki. Da kin ce min application ɗin yana pending, kalma ɗaya ce, don't travel."

Kamfanin ya yi ƙoƙari, amma takardar da suka ba ni ta mai nema daga cikin ƙasa ce, daga waje sai wata daban. Suka jira sati shida, aikin bai jira ba, suka ba wani. Anti ce ta kwashe kayan ɗakina ta zuba a garejinta. Wata bakwai na yi a gida kafin wani kamfanin, shi ma a Birmingham, ya ɗauke ni. Lauyan da na nema, wanda ya kamata in nema tun farko, ya ce tunda na haura wata shida a waje, shekara taran nan sun yanke. Da na yi wa Hajiya bayani ta fahimta, sai ta ce ita masu ido ta ce in ɓoye wa, ba ta ce in ɓoye wa masu sani ba.

Ba na nadamar Umarar, kuma na san abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Abin da ke ci mini rai shi ne girman kaina da shiruna. Ina roƙon 'yan uwana da ke karatu ko aiki a waje, in takardarku tana gaban hukuma, ko da fasfo na hannunku, kada ku doshi filin jirgi sai kun tambaya. Biki ne, suna ne, Umara ce, ku fara samun mutum ɗaya da ya san hanya ku gaya masa gaskiya. Yanzu ina unguwar Sparkhill a Birmingham, ina aikina lafiya, alhamdulillahi. Da tuni takardar dindindin tana hannuna. A maimakon haka ina shekarar farko cikin biyar da zan sake jira, in ba a canza doka ba, kuma Hajiya tana ƙara tsufa.