Maganina a Gindin Randar Inna

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata me ya sa ba na rabuwa da 'yar kwalba a jaka, yau dai zan buɗe baki. Na daɗe ina riƙe da wannan labari, ko malaman da muke koyarwa tare ba kowa ya sani ba.

Abin ya fara 'yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki. Gajiya ce ta fara kama ni, in ɗaga hannu zan yi rubutu a allo sai in ji ya yi nauyi. Sai rama. Sai gefen cikina na hagu ya kumbura ya yi tauri. Maganin shawara kuwa na sha har na gode Allah.

A asibiti aka ɗebi jini, aka kuma soka mani allura a ƙashin ƙugu aka zuƙi ɓargo. Wannan allurar ko maƙiyina ba na yi mashi fatanta.

Likita ya ce, "Malama, dajin jini ne. Amma irin naki akwai ƙwayar da ke riƙe shi, tana toshe abin da ke sa jinin hayayyafa ba tsari."

Ɗiyata Ummi tana aji ɗaya a lokacin. Ita kaɗai nake gani a idona likitan yana magana.

Can kudu ake karɓo ƙwayar. Kyauta ce, amma kuɗin mota da na gwaji sun cinye awakina da keken ɗinkina. Ta kuwa yi aiki, kumburin ya saɓe, na koma aji.

Mahaifiyata, Inna, ta baro Ƙofar Durbi ta tare wurina a Ƙofar Kaura, ta karɓe ragamar maganin. Kun san zafin Katsina, ga wuta sai an ga dama. Inna ta ce wannan abu mai daraja ba zai dahu a ɗaki ba. Ta juye ƙwayoyin daga kwalba, ta yar da ɗan ƙunshin da ke ciki don a ganinta shara ce, ta ƙulle su a farin ƙyalle ta ajiye kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa. A nan ne take ajiye goronta da man shanu. A wurin Inna, gindin randa shi ne ƙarshen gata.

Damina na kankama gajiyar ta dawo. Gwaji ya nuna jinin ya sake hawa, wato ya koma hayayyafa ba tsari.

Likita ya ce wataƙila ciwon ya daina jin maganin, kuma a lokacin babu wani da za su canza mani. Ranar na ji tsoro, tsoro na gaske. Na fara tunanin wa zai riƙe Ummi.

Zan fita ke nan Hajiya Rabi, mai kula da ɗakin magani, ta tsayar da ni. "Malama, kawo ƙwayar in gani."

Na ciro ƙyallen da na zo da shi na kwance. Ta danna ɗaya da farce, ta dagargaje kamar jiƙaƙƙen alli.

"A ina take kwana?"

Na gaya mata. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da ni ta ce garin da ke cikin ƙwayar ba haka kawai aka niƙa ba. Yana da ƙira, masana kiristal suke ce mata. Magani ɗaya yana iya daskarewa da ƙira daban-daban, wata ta narke a ciki yadda ake so, wata ta ƙi, wata ta zuƙi danshi ta lalace. Masana suna shekaru suna gwadawa kafin su zaɓi wadda za a ba marar lafiya. Danshi kuwa yana iya rushe duk wannan aikin.

Wallahi sai na ji kwarjinin mutanen nan ya kama ni. Wasu bayin Allah da ba su san ni ba sun ƙare ƙuruciyarsu suna leƙen ƙwayar gari, don ni in rayu.

Da ta tashi aiki, Hajiya Rabi da ƙafarta ta zo gidanmu. Suka gaisa da Inna, gajiya, iyali, damina, sannan ta yi bayani a hankali.

Inna ta dafe ƙirji. "Ashe ni na so in kashe ɗiyata da hannuna?"

"A'a Inna. Gatan goro kika yi mata, ita kuwa halin gishiri gare ta. Ina kike sa gishirinki da damina?"

"A gwangwani mana, in toshe, in ɗora sama."

"To shi ke nan, aikin naki ne."

Aka karɓo sabuwar kwalba. Inna ta sa ta a gwangwani ta ɗora saman kabad, ko ni sai da izininta nake taɓawa. A gwaji na gaba jinin ya fara sauka, bai sake hawa ba har yau.

Shawarata: ku bar magani a mazubinsa, ɗan ƙunshin nan na ciki danshi yake tsotsewa, kada a yar. In ƙwaya ta canza kama ku kai wa masu magani su duba. Gajiyar da ta ƙi tafiya kuma a je a gwada jini.

Na gode wa Allah, na gode wa likitana da Hajiya Rabi, da masanan da ba zan taɓa sanin sunansu ba. Allah Ya saka masu da alheri.

Inna ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Tun daga nan kwalbar ta dawo jakata. Watan jiya Ummi ta haihu, aka yi wa Inna takwara. Da ni aka yi wankan jego. Gwangwanin yana nan saman kabad inda ta bar shi.