Awon Ƙirjin Maigida

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka. Mai Keke kawai ake cewa, saboda keken ɗinkin da ke bakin tagar falonta. Mace ce mai zafin nama da zafin baki, irin wadda in ta ga mutum a zaune sai ta ji kamar ta aike shi. Tana da wata ɗabi'a wurin awo: in ta zagaya tef a ƙirjin mutum, sai ta ce ya ja numfashi ya riƙe, sannan ta duba. Wai rigar da ba ta bar wa numfashi wuri ba, ba riga ba ce. Ɗinkinta kuwa bai taɓa fashewa a hammata ba, ko maƙiyinta ya shaida.

Mijinta direba ne, yana jan motar kai kaya ta yayansa mai shagon kayan gini. Mutum ne mara hayaniya. Matsalarsa ɗaya ce, safiya. Kafin ya sauko daga gado sai an sha fama, baya a sandare, hannu dafe da haƙarƙari. In atishawa ta taho masa sai ya rungume kansa yana jiran ta kamar duka. Amma da yamma, bayan ya wuni yana hawa da sauka, sai ka gan shi garau, har da ɗaukar buhu. Ranar hutu kuma, da ya kwanta ya huta, ciwon ya fi tashi.

Mai Keke ta haɗa wannan da wancan ta yanke hukunci. Wane irin ciwo ne ya san lokacin fita aiki, ya kuma san ranar da za a gyara ƙofar banɗaki? Son jiki ne, ba wani abu ba.

Wata rana ta zo ɗinka masa riga, ta zagaya tef.

"Ja numfashi."

"Na ja."

Tef ɗin da ƙyar ya motsa.

"Ni za ka raina wa hankali? Numfashin ma ƙyuya kake yi?"

Ya yi murmushi kawai. Murmushin nan ne ya ƙara tunzura ta. Washegari ta sami Yaya a shago ba da sanin mijin ba, ta ce ƙaninsa lafiyarsa lau, a ɗan tsorata shi ko ya farka. A zatonta barazanar mako guda za a yi. Yaya kuwa ba ya yin abu rabi. Ya karɓe makulli ya ba wani direba, ya ce wa ƙanin nasa wai masu kaya ne ke ƙorafin makara. Mijin ya ji zafin abin har cikin ransa. Ya daina zuwa gidan Yaya, gaisuwa ma ta yanke. Mai Keke ta ga aikin bakinta, ta ja bakin ta yi gum.

Zaman gida bai yi masa magani ba, sai ma ya ƙara sandarar da shi. Wata safiya ƙirji ya riƙe shi har suka ɗauka zuciya ce. A asibiti aka duba zuciya aka ce lafiya, aka tura su wurin likitar gaɓoɓi. Bayan tambayoyi da hoton baya, likitar ta jawo aljihun tebur ta ciro tef, irin na Mai Keke sak. Ta zagaya masa a ƙirji ta ce ya ja numfashi.

Mai Keke ta san abin da tef ɗin zai nuna tun kafin a duba. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa idonta.

Likitar ta yi bayani a natse. Ta ce kumburi ne a gaɓoɓin ƙashin baya. Kowane haƙarƙari yana da mahaɗa a baya inda ya kama ƙashin baya, yawancinsu kuma suna da wata a gaba wajen ƙashin ƙirji. Mahaɗan nan ne suka kumbura, har da wuraren da jijiyoyi ke manne da ƙashi, naman da ke tsakanin haƙarƙarin kuma ya ɗaure saboda zafi. Shi ya sa tari da atishawa da dariya ke soka shi, ƙirjin kuma ya daina buɗewa sosai. Ta ƙara da cewa irin wannan ciwo hutu ne ke tayar da shi, motsi ke kwantar da shi, don haka da yawa a gida ake ɗaukar masu shi maƙaryata.

"Ni dai matata ta yi haƙuri da ni," in ji mijin. "Yayana ne ya kore ni ina cikin ciwo, ko tambaya bai yi ba."

Da ƙasa za ta tsage, da Mai Keke ta shige.

Ta koma shagon Yaya da takardar magani a hannu, ta durƙusa tsakanin buhunan siminti ta faɗa masa abin da likita ta ce.

"Ni da farko asibiti na yi niyyar kai shi," in ji Yaya. "Ke da kike ɗaki ɗaya da shi kika ce lafiyarsa lau. Wa zan yarda da shi in ba ke ba? Ban faɗa masa ke ce ba, ba kuma zan faɗa ba. Gara ya yi fushi da ni da in kashe muku aure. Amma ƙanwata, ni da shi ciki ɗaya muka fito, ga shi an kusa shekara ban ji muryarsa ba."

Ya bar mata zaɓi ke nan, kuma ta gane. Tana iya yin shiru har abada, ba mai tona ta.

Ta tarar da mijin a falo, ya kama bakin ƙofa da hannu biyu yana miƙe ƙirji yadda aka koya masa. Ba ta ajiye jaka ba.

"Baban yara, ba masu kaya ba ne suka kai ƙararka. Ni ce. Ni na ce wa Yaya lafiyarka lau."

Ya saki ƙofar a hankali. Ya so ya yi ajiyar zuciya, numfashin ya tsaya masa a rabi, ya dafe gefensa. Bai ɗaga murya ba, ita kuwa ta fi son ya zage ta.

"Duk gabar da nake yi da ɗan'uwana, kina kallo?"

"Ina kallo."

Ya ce ta miƙo masa takalminsa, gidan Yaya zai je. Ta kawo, ta durƙusa za ta ɗaura masa igiya kamar yadda ta fara yi tun dawowarsu daga asibiti. Ya janye ƙafarsa.

"Bari, zan iya."

Ya zauna a bakin kujera yana sunkuyawa kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe, yatsunsa na neman igiyar. Ya daɗe kafin ya kai. Tana tsaye a gefe, ba ta da bakin cewa ya yi sauri.