Ramin da Nélida Ta Cike da Kankare

Duk mai tsohuwar maƙera da ta mutu a lardin Santa Fe ya san Doña Nélida Carmagnola, kuma ba kowa ke murnar ganinta ba. Doña da Don laƙabin girmamawa ne a wajenmu, na mace da na namiji. Ni, Fermín, na fi kowa saninta, don ni ne direban motar ɗaga kayanta. Gajeriya ce kakkaura, kunnenta na hagu ba ya ji sosai, kamar duk wanda ya tashi a gindin guduma. Sana'arta farautar tsofaffin gudumomi masu inji, irin waɗanda suka fi mutum tsayi, maƙeri ya taka musu ƙarfe da ƙafa su dinga kirɓar jan ƙarfe ba gajiya. Takan riga 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe zuwa ta saya, ta gyara, ta sayar wa masu ƙera wuƙaƙe da ƙofofi. Mutane sun ɗauka son ƙarfe ne kawai ke yawo da ita. Akwai son, amma guduma ɗaya take nema.

Mahaifinta Don Ítalo maƙerin garmuna ne a unguwarmu ta kudancin birnin Rosario. Gudumarsa a jirgin ruwa aka kawo ta, ya raɗa mata suna Petrona. Irin waɗannan kashi biyu ne: gangar jikin da ke tsaye tana duka, da kuma uwar maƙera, wani dunƙulen ƙarfe da ake binnewa a ƙasa kan manyan katakai, wanda ba ya fitowa sai an rushe gini.

Katanga ɗaya ta raba maƙerar da gidan Don Ruperto, ƙanen uwar Nélida, wanda ya yayyanka gidansa ƙananan ɗakuna yana zuba 'yan haya. Petrona kuwa in ta fara aiki, ƙasa ce ke amsawa. Don haka maƙeranmu suna da al'ada: ana haƙa siririn rami tsakanin gindin guduma da katangar maƙwabci, a cika shi da garin katako ya riƙa shanye girgizar. Duk shekara Don Ítalo sai ya kwashe tsohon gari ya zuba sabo da hannunsa. Ruperto bai taɓa cewa an gode ba, kullum mitarsa ita ce 'yan haya na gudu.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Don Ítalo a asibiti, Ruperto ya kawo ƙarti da mota suka ɗauke Petrona. Uwar maƙerar ce ta gagare su, suka bar ta. Tsohon ya dawo gida yana jan ƙafa, ya tarar da fili.

"An narkar da ita," in ji Ruperto. "Taimakonka na yi, Ítalo. Kai da hannu ɗaya, me za ka yi da ita?"

 Don Ítalo ya sa aka ajiye masa kujera gaban uwar maƙerar, nan yake wuni, ƙafarsa mai lafiya tana taka ƙasa a daidai inda ƙarfen takawa yake a da. Sanyin shekarar bai fita ba ya rasu. A wurin zaman makoki Ruperto ne ke rarraba kofi, har da share hawaye. Ni ina wurin, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Nélida ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta shiga maƙerar ta tsuguna, ta ga notunan da suka riƙe gudumar an jera su tsaf a gefe. Ɗan gwangwan ba ya ɓata lokacin kwance noti, da wuta yake yankewa. Wanda ya kwance noti, ɗaurawa zai sake yi a wani wuri. Tun daga ranar ta san Petrona na raye.

Haka muka fara yawo. Lokacin masana'antu na ta rufewa, kowane gari akwai rumfar kwano mai tsatsa da kwaɗo a ƙofa. Nélida ba ta tambayar manya. Wurin masu facin taya take tsayawa, ko mai gasa nama a bakin hanya, ta miƙa musu ƙoƙon shayin mate, ta ce, "Wane gida ne a garin nan da can yake hana mutane barcin rana?" Nan take za a nuna mata.

Tana da ƙa'ida ɗaya, ta sha nanata min ita. In mun shiga rumfa, ba a kallon guduma.

"Fermín, in na ga idonka ya kai wurin, a ƙafa za ka koma Rosario."

Sai ta yi ta cinikin wani awartaki ko tsohon zugazugi, ta kushe rufi, ta tambayi lafiyar jikoki. Sai za mu fita take juyowa ta ce, "Wancan tulin fa, ba ya tsare muku wuri?" Na ga ta raba magada da gudumomi a kan kuɗin banza, har ni kaina na so in yi musu raɗa a kunne. Ban yi ba, don ita ke biyana.

Ta ceci gudumomi da yawa, ta yi suna, gashinta ya yi fari. Duk lokacin da muka dawo daga tafiya, kafin ta shiga gida sai ta tsaya ƙofar Ruperto, yana zaune a kujerarsa da ƙoƙonsa.

"Kawu, barka da hutawa. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan."

"Madalla. A dinga shan magani, Kawu. Kar ka yi mana gaggawa."

Maƙwabta suna yaba ta, wai ga yarinya mai zumunci. Ni da na san abin da ke ƙasa, tsigar jikina ce ke tashi. Tsoronta biyu ne a duniya: kar wani ɗan gwangwan ya riga ta ga Petrona, kar kuma mutuwa ta riga ta ga Kawu. Shi kuwa yana ta tsufa, kunnuwansa suka toshe gaba ɗaya, sai an rubuta masa a iska da hannu.

A wani ƙauye bayan garin Rafaela ne mai facin taya ya ce mana, "Akwai gurguwar guduma a gidan su Bircher. Tsohon ya sayo ta ba uwa, ya ce zai sa a zuba masa wata, har ya mutu bai yi ba."

Nélida ta ajiye ƙoƙon a kan taya, ba ta ma ƙarasa shanyewa ba.

Ɗan marigayin, Don Oreste Bircher, manomi ne mai jar fuska. Ya kai mu bayan rumbun masara. Ga gudumar nan kwance a gefe ɗaya, ciyawa ta rufe rabinta, kaji sun mayar da cikinta wurin ƙwai. A wuyanta akwai wani ɗinki na farar tagulla, inda Don Ítalo ya taɓa liƙe tsaga. Petrona ce. Matar da ta hana ni kallon guduma sai ga ta ta durƙusa a cikin kashin kaji, tana goge tagullar da gefen rigarta.

Don Oreste ba wawa ba ne. Ya dube ta, ya dube ni, ya gyara hula.

"Doña, kin ga abin nan na gado ne. 'Yan gwangwan ma sun ce za su zo mako mai zuwa."

Ba ta yi ciniki ba. Ta ba shi guduma mafi kyau da take da ita a rumfarta, gyararriya, mai uwa, wadda wani maƙerin wuƙaƙe ya daɗe yana bin ta a kai, ta haɗa masa da kawowa har gida. A mota na kasa haƙuri.

"Doña, yau an yi miki aski ba ruwa."

"Tuƙa mota, ƙato. In ka shiga rami ta girgiza, kai ma sai na kwance maka notuna."

Gyaran ya ci damina guda. Ranar da muka sauke Petrona a kan uwarta, ta zauna daram kamar jiya aka ɗauke ta. Magini Don Zoilo, wanda ya san Don Ítalo, ya leƙa tsohon ramin da ke jikin katanga, ya ce zai aika a kawo garin katako.

"Ba gari," in ji Nélida. "Kankare za ka zuba. Ka cika shi har baki, ya kama katangar."

Don Zoilo ya cire hula ya sosa kai. "Nélida, ba a yin haka. Ubanki bai taɓa barin ramin nan ya bushe ba. Kuma in don Ruperto ne, ai kurma ne, ko bindiga aka harba ba zai ji ba."

"Na sani. Shi ya sa nake so ya ji da ƙafa."

"Gidanki ma zai tsage fa."

"Ya tsage."

Aka zuba kankare. Da ya bushe, wata safiya ta hura wuta, ta ɗora jan ƙarfe, ta taka. Na ji dukan farko a haƙorana. Daga ƙofa ina hango Ruperto a kujerarsa: ƙoƙon shayin ya yi tsalle daga kan ɗan teburinsa ya faɗi. Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙafafunsa. Bai tambayi kowa ba, don ya san wannan bugun. Ya dogara sandarsa ya zo bakin maƙerar.

Nélida ta ɗage ƙafa, ta matso kusa da fuskarsa yadda zai karanta bakinta.

"Kawu, ina kwana. Ashe ba su iya narkarwa ba."

Ta koma ta taka.

Kullum da safe sai ta yi. In akwai aiki ta yi aiki, in babu ta ɗora guntun ƙarfe ta mayar da shi faifai, gobe ta naɗe shi ta sake. Ta daina fita farauta, motar da nake ja ta koma ɗaukar buhunan waken soya. 'Yan hayar Ruperto suka watse ɗaya bayan ɗaya. Hotunan bangonsa suka sauko, filasta ta riƙa zubo masa a miya. Ita ma ɗakin kwananta ya tsage har ana hango haske, ta cusa tsumma. Maƙwabta suka zo ba da haƙuri, ta ba su shayi ta rako su ƙofa. Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi nake ji. Daga baya ganin tsoho yana ɗaga ƙafafu kan kujera kamar mai gudun ruwa ya fara damuna, amma ita ko a jikinta.

Ruperto ya yi 'yan shekaru a haka kafin ya rasu. Ranar jana'iza Petrona ta yi shiru, mutane suka ce to, jini ya motsa, Nélida ta yafe. Ita ce ma ta rarraba kofi. Amma aka kwana, aka yi mako, aka yi wata, ba a ji bugu ba. Na shiga na same ta zaune a kujerar ubanta, wuta a mace.

"Doña, ba za a hura ba ne?"

Ta dubi katangar, ta ce, "Wa zai ji?"

Yanzu tsatsa ta fara cin Petrona, tagullar wuyanta ta yi baƙi. Kwanaki wasu matasa biyu suka zo daga birnin Córdoba, suka shiga rumfar suna ta cinikin awartaki, ba wanda ya kalli gudumar. Da za su fita ɗayan ya juyo ya ce, "Doña, wancan tulin fa, ba ya tsare miki wuri?"